WALƘIYA BABU HADARI: CIWON DA KE ƁOYE A BAYAN IDO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa a cikinmu ya san ciwon ido. Mun san jan ido mai bin gida gida. Mun san amosani, wanda ke juya gashin ido ciki yana sukar baƙin ido. Mun san hakiya, mun san yana mai rufe idon tsofaffi. Waɗannan duka ana ganin su daga waje. Ko yaro ya dubi mutum ya san idonsa ba lafiya.

Amma akwai wani iri wanda ba a gani. Ido fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye, ba zafi. Mai shi kuwa yana cewa yana ganin walƙiya, alhali babu hadari. Wani ya ce ƙudaje ke yawo a gabansa, in ya kai hannu babu kome. Wani ya ce da rana lafiya lau yake, amma da magariba ta yi sai an ja masa hannu. In ya faɗa a gida a ce gajiya ce. In ya faɗa a dandali a yi masa dariya. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska ce ta shafe shi. Daga nan sai ya shiga yawon neman bayani, kuɗi na ƙarewa, gani na raguwa.

A cibiyoyin yaƙi da jahilci muna yawan gamuwa da irin wannan, domin karatu shi ke tona asirin ido. Mutum yana iya yin damina biyu yana noma da ido ɗaya bai sani ba. Ranar da ya zauna gaban allo, ranar yake ganewa. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kan abin da ke can bayan ido.

YADDA IDO YAKE AIKI

Ku ɗauki ido kamar ƙaramin ɗaki mai taga guda. Haske yana shiga ta gaba, ta wannan ƙaramin baƙin rami da ke tsakiya. Bayan ramin akwai wata ƙwaya garau mai tattara haske. Ita ce ke yin fari in yana ta kama mutum. Cikin ɗakin kuma cike yake da wani ruwa mai kauri, kamar farin ɗanyen ƙwai.

A bangon baya akwai wani tantani shimfiɗe. Lokotoro suna kiran sa retin. Mu a nan za mu kira shi tantanin gani. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kamar ɓawon albasa yake. Shi ne allon ido. Haske yana rubutu a kansa kamar yadda malami ke rubutu da alli. Daga nan wata jijiya ta kwashi rubutun ta kai wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta karanta. Wannan shi ne gani.

A kan tantanin akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama haske, kusan miliyan 100 a ido guda. Iri biyu ne. Iri na farko sun fi yawa, suna gefe gefe, su ke aiki da dare. Iri na biyu sun taru a tsakiya, su ke rarrabe launi, su ke karanta baƙi, su ke sa zare a allura.

Abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe: tantanin gani ba ya jin zafi. Ko ya tsage, ko ya zubar da jini, mai shi ba zai ji kome ba. Shi ya sa mutane suke sakaci da shi. Mun saba sai ciwo ya hana mu barci muke neman magani.

Shekaru aru aru babu mai iya leƙa cikin idon mai rai. Sai a shekarar 1851 wani masani ɗan ƙasar Jamus, mai suna Helmholtz, ya fito da wani ƙaramin madubi mai jefa haske cikin ido. Jikokin wannan madubi ne lokotoron ido ke riƙewa yau in zai duba ku.

YAWON WANI MANOMI

Akwai wani magidanci da ya yi karatu a cibiyarmu. Shekarunsa sun kusa 50. Bayan an gama ɗaurin hatsi ya fara ganin walƙiya a gefen idon hagu, musamman in ya shiga ɗaki mai duhu. Kwana biyu bayan haka sai ya ga kamar an watsa toka a gabansa. Bai ji zafi ba, don haka ya ci gaba da aikinsa.

Matarsa ta ce ya sa kwalli. Ya sa. Wani abokinsa ya ce rana ce ta buge shi, ya sha jiƙo. Ya sha. Ranar kasuwa ya sayi maganin ɗigawa wurin mai tebur. Ya ɗiga kwalba biyu. Cikin wannan hali wani duhu ya fara tasowa daga gefe, kamar ana jan labule a hankali. Da ƴan'uwa suka ji haka suka ce wannan ba ciwon likita ba ne, aikin maƙiya ne. Aka kai shi wurin boka. Akuya ta tafi, zakara ya bi ta.

Daga baya ya je gidan likita na kusa. Majo ya haska idon da cocila, bai ga kome ba daga waje. Amma da ya ji labarin walƙiya da labule, ya rubuta masa takarda, ya ce ya tafi birni wurin lokotoron ido a cikin satin nan. Mutumin ya ce sai ya sayar da wake. Wake kuwa bai yi daraja ba a lokacin, sai ya jira. Daga ranar walƙiyar farko zuwa ranar da ya zauna gaban lokotoro, wata 4 ke nan.

Lokotoro ya ɗiga magani, ya duba. Ya ce tantanin idon hagu ya ɓamɓare gaba ɗaya, ya daɗe, har ya tattare. Ko an yi aiki, gani ba zai dawo ba sai ɗan haske. Sa'an nan ya ce bari ya duba na dama, wanda mai shi ke cewa lafiya lau. Nan ma ya tarar da ƙaramar tsaga. Aka liƙe ta da hasken na'ura, aikin da bai kai rabin awa ba. Da wannan ido yake noma, da shi ya ƙare karatunsa.

Ku duba lissafin. Kuɗin kwalli da ɗigo da akuya da zakara sun isa su kai shi birni tun satin farko. Abin da ya rasa a lokacin shi ne wanda zai gaya masa ma'anar walƙiyar nan.

SAI BANGO YA TSAGE

Ga yadda abin yake faruwa. In mutum ya manyanta, ruwan nan mai kauri na cikin ido yana tsinkewa, yana janyewa daga bango. Wannan ba ciwo ba ne, shekaru ne. Amma wajen janyewa yana fizgar tantanin gani. Tantanin kuwa bai san wata magana ba sai ta haske. In an taɓa shi, sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa ya ga haske. Walƙiyar ke nan. Ƙudajen da zaren gizo-gizo kuma, gudaji ne da ke yawo cikin ruwan, inuwarsu ce mutum ke gani.

Ga yawancin mutane abin yana wucewa lafiya. Ƙudaje biyu ko uku da mutum ya daɗe yana gani, ba su ƙaru ba, ba abin tsoro ba ne. Amma cikin mutum 10 da walƙiya da sababbin ƙudaje suka zo musu farat ɗaya, ana samun kamar mutum 1 wanda tantaninsa ya tsage.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kun san yadda yaɓen ɗaki yake yi da damina. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, sai ya kumbura, ya rabu da bango, ya zube. Haka tantanin gani yake yi. Ruwan cikin ido ya bi ta tsagar, ya shiga baya, ya ɗaga shi. Wurin da ya ɗaga ya daina samun abinci daga bango, ya daina gani. Shi ne labulen. In labulen ya kai tsakiya, karatu ya tsaya, gane fuskar mutane ya tsaya.

Wannan ciwo yana kama kamar mutum 1 cikin 10.000 a kowace shekara. Ya fi samun waɗannan:

1. Wanda ya wuce shekara 50.
2. Wanda tun yana yaro ba ya hangen nesa, sai ya kawo abu kusa da hanci.
3. Wanda aka taɓa bugu a ido: ƙahon sa, wutsiyar saniya, reshen ƙaya, dutsen majajjawa, naushin dambe. Wani lokaci sai bayan watanni abin yake fitowa.
4. Wanda aka yi wa aikin yana.
5. Wanda ya taɓa yi a ido ɗaya, ko wani na jininsa ya taɓa yi.

A da, wanda tantaninsa ya ɓamɓare ya makance ke nan. Wajen shekarar 1920 wani lokotoro ɗan ƙasar Suwis, mai suna Gonin, ya nuna cewa tsagar ita ce tushen ciwon, kuma in an toshe ta tantanin yana komawa wurinsa. Sai a 1929 sauran lokotoron duniya suka yarda da shi. Yau, cikin ido 10 da aka yi wa aiki, tantanin yana komawa a kamar 9, ko da yake wani sai an yi masa aiki sau biyu. Amma komawar tantani daban, dawowar gani daban. Wanda aka yi wa aiki kafin labule ya kai tsakiya, shi ke tsira da ganinsa. A nan kwanaki ake ƙirgawa.

DUNDUMI IRI BIYU NE

Dundumi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Yaro yana wasa lafiya da rana, da almuru sai ya zauna wuri ɗaya, ba ya gane kwanon tuwo. Mace mai ciki ta kasa zuwa bayan gida da dare. An fi ganin sa da bazara, lokacin da ganye ya bushe, shanu suka rame, nono ya yi wuya.

Tushensa yana ga tantanin gani. Ƙwayoyin nan masu aikin dare suna bukatar wani sinadari na abinci da ake kira bitamin A. Kamar fitila ce da kananzir. In kananzir ya ƙare, fitila lafiyarta lau, amma ba ta kamawa. Kakanninmu suna ba mai dundumi gasasshiyar hanta. Sun yi daidai, domin hanta ita ce rumbun bitamin A. Mutanen Masar na zamanin fir'auna ma da hanta suke maganinsa.

Ana samun bitamin A a hanta, ƙwai, nono, man shanu da manja. Ana samun sa a ganyen zogale da alayyafo, a kabewa, karas, gwanda, mangwaro da dankali mai jan ciki. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon ganye, domin sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukar sa. Ku lura da ikon Allah: mangwaro yana nuna daidai lokacin da dundumi ke yawa. Kada a kai shi kasuwa duka, a bar wa yaran gida.

Irin wannan dundumi yana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu in an ba da magani. Amma in aka bar shi, baƙin ido yana bushewa, ya yi gyambo, ya fashe. Baƙon dauro yana ƙara gaggauta wannan. A 1986 wani bincike da aka yi a ƙasar Indunusiya ya nuna cewa ba yara bitamin A yana rage mutuwarsu sosai. A 1997 ƙasarmu Nijar ta haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka. Ana ba yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara. Ƙwaya shuɗiya ta ɗan ƙasa da shekara guda ce, ja kuma ta wanda ya cika shekara. Mace mai ciki kada ta sha waɗannan ƙwayoyi na yara, suna iya cutar da abin da ke cikinta. Ta je awon ciki a ba ta wanda ya dace da ita.

Iri na biyu shi ne wanda hanta ba ta warkarwa. Yana farawa tun yarinta ko samartaka. An ci hanta, an sha bitamin, shiru. Shekara bisa shekara gani yana ƙunci daga gefe. Mutum ya riƙa tuntuɓe da turmi, yana karo da mutane a kasuwa, alhali yana iya tsintar allura in tana gabansa sak. Ganinsa ya zama kamar na wanda ke cikin rijiya yana duban sama. Mutane su ce ƙarya yake, ko sakarci ne.

Wannan gado ne. Ƙwayoyin dare ne ke mutuwa a hankali. A duniya yana samun kamar mutum 1 cikin 4.000. Sau da yawa uwa da uba lafiyarsu lau, amma kowane yana ɗauke da irin a ɓoye, sai suka haɗu a kan ɗa. Shi ya sa ya fi fitowa a gidan da auren zumunta ya yi yawa. In an ga yara biyu ko uku a gida ɗaya da irin wannan dundumi, a kai su a duba. Kuma kafin a ƙara haɗa aure a cikin dangin, a nemi shawarar lokotoro.

Yawancin irin wannan ba a samo maganinsa ba tukuna. A 2017 ƙasar Amurka ta yarda da wani magani, amma na wani reshe ne guda mai wuyar samu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Duk wanda ya ce yana da maganinsa a cikin kwalba, kuɗinku yake so. Duk da haka sanin sunan ciwon yana da amfani. Mutum ya huta da yawon bokaye, ya daina zargin maƙwabta. Ya riƙe cocila mai ƙarfi. Ya bar tuƙa babur da dare. Ya koyi sana'ar da zai iya ko gani ya ragu. Da yawansu suna riƙe ganin tsakiya shekaru masu yawa. In yana ta hau musu, ana iya cire ta su sami sauƙi.

CIWON JIKI MAI SAUKA A IDO

Tantanin gani yana da ƙananan jijiyoyin jini masu shayar da shi, kamar hanyoyin ruwa a cikin garka. Ciwo uku suna lalata waɗannan hanyoyi.

Na farko ciwon sukari. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, jijiyoyin suna yoyo, wasu su toshe. Sababbi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini ya zuba cikin ido. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi yana ganin jan hayaƙi. Cikin masu sukari 10, ana samun 2 ko 3 da ciwon ya riga ya taɓa idonsu, da yawa ba su sani ba. Mai sukari ya kai idonsa a duba sau ɗaya kowace shekara, ko yana gani garau. In an kama shi da wuri ana tsayar da shi da hasken na'ura ko da allura.

Na biyu hawan jini, wanda muke kira tansiyo. Yana iya toshe jijiyar ido farat ɗaya, kamar yadda yake kawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda ganin idonsa ɗaya ya ɗauke, ko da na minti 5 ne ya dawo, ya tafi likita a ranar. Gargaɗi ne.

Na uku amosanin jini, wanda ake kira emasi ko sikila. Abin mamaki, masu irin SC, waɗanda ciwon ƙashi bai cika damun su ba, su ne ya fi kama wa ido. A fara duba idon mai emasi tun yana shekara 10.

WASU ALAMU DA YA KAMATA A SANI

Ba kowace walƙiya ce ta tsagewa ba. Akwai mai zuwa kamar haƙoran zarto masu ƙyalli, a ido biyu lokaci ɗaya. Ta yi minti 20 ko 30 ta wuce, ciwon ɓarin kai ya biyo baya. Wannan daga kai take, ba ta makantarwa. Amma wanda ta fara zo masa, ya bari likita ya tabbatar.

Mace mai ciki da ke ganin taurari ko hazo, ga ciwon kai, ga kumburin fuska da hannu, jininta ne ya hau. A ɗora ta a amalanke ko mota nan take. Jijjiga na iya biyowa, rai biyu ke cikin haɗari.

Yaro ƙarami, ɗan ƙasa da shekara 5, in ramin idonsa yana ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare, a kai shi birni da gaggawa. Yana iya zama ciwon daji na tantanin gani. In an yi sauri ana ceton ransa.

Kada kowa ya ƙura wa rana ido. Ranar 29 ga watan Maris 2006 rana ta yi husufi, duhu ya rufe wasu sassan ƙasarmu da hantsi, manya sun tuna. In irin wannan ta sake zuwa, kada a duba da ido tsirara, ko ta baƙin tabarau, ko cikin ruwan ƙwarya. Rana tana ƙona tsakiyar tantani ba tare da an ji zafi ba.

GWAJIN DA KOWA ZAI IYA

Ido biyu suna rufa wa juna asiri. In ɗaya ya gaza, ɗayan ya ɗauki kayansa. Don haka sai an gwada su ɗai-ɗai. Ku yi haka sau ɗaya a wata:

Ku rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ku dubi itacen da ke nesa. Ku dubi bakin ƙofa, ku ga ko ya miƙe ko ya karkace. Ku ɗauki wannan jarida ku dubi layi guda. Baƙaƙen sun cika? Layin ya lanƙwashe? Akwai wurin da ya ɓace a tsakiya? Sa'an nan ku dubi gaba sak, ku miƙa hannu gefe kuna motsa yatsu, sama da ƙasa, dama da hagu. Akwai ɓangaren da ba ku ganin yatsun? In kun gama, ku juya ga ɗaya idon.

Wanda ya iya karatu ya gwada iyayensa da matansa da yaransa. Malaman cibiyoyi su yi wa ɗalibansu a ranar buɗe aji.

IN AN JE LIKITA

A fara da gidan likita na kusa, a karɓi takarda. A manyan gidajen likita na Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa akwai sashen ido. Aikin tantani yana son kayan aiki na musamman, lokotoron da ya duba ku shi zai faɗi inda za a yi. Mutanenmu na bakin iyaka sun san asibitin ido na Kano da na Kaduna. A Bamako kuma akwai makarantar ido ta IOTA, wadda aka kafa a 1953, inda lokotoron ido na ƙasashenmu da yawa suka yi karatu.

Ku faɗi magana dalla-dalla. Kada ku ce "idona ke ciwo" kawai, don za a ba ku ɗigo ku koma gida. Ku ce wane ido ne, wace rana ya fara, me kuke gani, daga wane gefe duhun ya taso. Ku faɗa in an taɓa bugun ku a ido. Ku faɗa in kuna da sukari, tansiyo ko emasi. Ku tafi da karnenku da duk maganin da kuka sha ko kuka ɗiga. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranakun a takarda. Ga amfanin karatu.

Za a ɗiga muku magani mai buɗe ramin ido. Ku jira kamar minti 30. Bayan an duba, gani zai yi hazo, rana za ta dame ku na ƴan awoyi. Wannan ba lalacewa ba ce, yana wucewa. Ku tafi da ɗan rakiya, kada ku tuƙa babur. Ku roƙi a duba ido biyu. Kafin ku fita ku yi tambaya uku: mene ne sunan ciwon? Me zai faru in na jira? Yaushe zan dawo? Matambayi ba ya ɓata.

ABUBUWAN DA ZA MU BARI

Mu bar ɗiga abin da ba mu sani ba. Ruwan albasa, ruwan ganye, fitsarin shanu, duka a waje suke tsayawa, ba su kai wa bayan ido, sai dai su ƙona gaba. Wasu magungunan ɗigo na kasuwa, in an daɗe ana sa su, suna hawar da ruwan ido har jijiya ta mutu. Mu bar kai tsofaffinmu wurin masu kwantar da yana da tsinke. Suna tura ƙwayar ne ta faɗa cikin ido. Mutum ya ga haske na ƴan kwanaki, daga baya ido ya kumbura, ko tantani ya ɓamɓare. Mu bar shan kinin da nibakin barkatai, yawansu yana kashe tantanin gani.

Addu'a ba ta hana neman magani. A yi addu'a, a hau mota.

Sau da yawa abin da ke tsayar da mutum kuɗin mota ne. To, ƙungiyoyin manoma da na mata masu asusu su yi shawara. A ware ɗan abu a akwati don rashin lafiya na gaggawa, mutum ya ranta ya biya da kaka. Magidanci guda in ya makance, gonarsa ta kwanta, kuma yaro guda ya bar lakkol ya koma jan gora.

Jama'a, ƙasarmu ta riga ta nuna ana iyawa. Ranar 30 ga watan Janairu 2025 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa Nijar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi haka. An yi shekaru ana aikin, hukuma da talakawa tare. Ciwon bayan ido kuwa ba a fesa masa magani, ba a yi masa allurar rigakafi. Mai shi ne zai fara gani, shi ne kuma zai tashi.

Ku riƙe alamu huɗu: walƙiya babu hadari, ƙudaje masu yawa da suka zo farat ɗaya, labule mai tasowa daga gefe, da gani mai ɗaukewa ba zafi. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, kada ya jira kasuwa ta ci, kada ya jira wake ya yi daraja. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya bar mu da ganinmu har tsufa. Amin.